Yadda Ake Zaɓen Ditajan Don Ciro Furotin Daga Tantani Har a Kai Shi Ga Kiristal: Jagora Ga Mai Aiki a Lab a Kaduna

Wata ɗaliba mai digiri na biyu ta taɓa ɗaga 'yar kwalba mai giram biyar ta ditajan ɗin da ake kira DDM, ta jujjuya ta a hannu, ta ce, "Malam, wai da gaske wannan sabulu ne? To me ya raba shi da omon wanki, har sai an yi odarsa daga waje da dala?" Na ce mata dangi ne, amma dangin nesa. Omo yana damƙar maiƙo ya yi gaba da shi, babu ruwansa da abin da ya tattake a hanya. Asalinsa ma ba baƙo ba ne a garin nan, domin matatar mai da ke kan hanyar Kaciya an ƙara mata sashen yin sinadarin LAB, wanda da shi ake haɗa irin wannan omo. Mu kuwa so muke mu zare furotin daga cikin kitsen da yake zaune ba tare da ya karye ko ya sauya kama ba, kamar mai zare ƙwai daga ƙarƙashin kazar da ke kwanci. Daga nan mu kai shi ga kiristal, domin da kiristal ake ganin siffarsa a gaban hasken eksire.

Furotin ɗin da ake magana su ne waɗanda ke kafe cikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta: ƙofofi, famfuna da 'yan saƙo. Tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na furotin ɗin jikin halitta irinsu ne, kuma kaso mai tsoka na magungunan da ke kanti su suke nufa. Ba sai mun je nesa neman misali ba. Berenil da makiyaya ke yi wa shanu allura don sammore yana shiga jikin wani nau'in ƙwayar cutar ne ta wata ƙofa a tantaninta da ake kira P2, kuma idan ƙofar ta lalace maganin ya rage aiki. Bijirewar zazzaɓin cizon sauro ga kulorokwin ta samo asali ne daga wani furotin na tantani mai suna PfCRT, wanda sai a 2019 aka ga siffarsa. A garin da hedikwatar Cibiyar Binciken Cutar Sammore ta Ƙasa take, kuma a jihar da ta haifi marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, bai kamata wannan sana'a ta zama ta 'yan waje kaɗai ba.

Kai, wutsiya da curi

Kowane ƙwayar ditajan yana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudun ruwa. Idan ya yi kaɗan a cikin ruwa, kowa yawonsa yake shi kaɗai. Da zarar yawansa ya kai wani mizani, sai su haɗa wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje, su zama curi. Wannan mizani shi ake kira CMC, kuma shi ne lamba ta farko da za ka haddace game da duk ditajan da ka taɓa. Furotin na tantani yana da ƙugu mai gudun ruwa, wato ɓangaren da a da yake nutse cikin kitse. Ditajan yana ɗaura masa ɗamara a wannan ƙugu. Idan yawan ditajan ya faɗi ƙasa da CMC, ɗamarar ta kwance, furotin ya manne da ɗan'uwansa, ya zama dusa a gindin bututu. Daga nan babu gyara.

Ga waɗanda za ka fi haɗuwa da su. DDM yana da kai na sukarin maltos da wutsiya mai kabon 12, CMC ɗinsa kusan milimola 0.17, wato 0.0087%. Mai sanyin hali ne, curinsa babba, yana kusan kilodalton 70 (kilodalton ma'aunin nauyin furotin da curi ne). Ƙanensa DM wutsiyarsa kabon 10, CMC kusan milimola 1.8, wato 0.087%. NG mai kan gulukos da kabon 9 yana wajen milimola 6.5. OG mai kabon 8 yana wajen milimola 20, sama da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, curinsa ƙarami. LDAO kansa ɗan mitsitsi ne, CMC milimola 1 zuwa 2, kuma yana da zafin hannu. Sai sababbin shiga: LMNG, wanda Pil Seok Chae da Samuel Gellman da abokan aikinsu suka fitar a 2010, mai kai biyu da wutsiya biyu, CMC ɗinsa wajen 0.001%, da kuma GDN, wanda aka ƙera don ya maye gurbin dijitonin, wani ditajan da ake samu daga tsiro.

Ka lura da tsarin: duk kabon biyu da aka rage a wutsiya, CMC yana ninkuwa kusan sau goma, curi yana ƙanƙancewa, ditajan kuma yana ƙara tsanani. A nan duk rigimar take. Mai doguwar wutsiya yana lallashin furotin, amma ɗamararsa mai kauri ce, tana hana furotin taɓa ɗan'uwansa, alhali kiristal ba ya samuwa sai da taɓa juna. Mai gajeriyar wutsiya yana barin fili, amma yana iya kashe furotin kafin kiristal ya tsiro. Don haka wanda ya ciro maka furotin ba lallai ne shi zai kai ka ga kiristal ba. Aikinka shi ne ka gano mafi gajartar wutsiyar da furotin ɗinka zai iya jurewa.

Ditajan ɗin SDS ka bar shi wurin gudanar da jel, inda ake jera furotin bisa nauyinsu, domin warware furotin yake yi. Triton X-100 yana da araha, yana ciro furotin da kyau, amma gauraye ne na ƙwayoyi masu tsawo daban-daban, kuma yana shan haske a nanomita 280, daidai inda kake auna furotin. Ba a shiga neman kiristal da shi.

Mataki na farko: lissafi kafin oda

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kaya daga kamfani irin Anatrace sukan ɗauki makonni kafin su iso, don haka ka zauna da biro tun da wuri. Narkar da tantani mililita 50 a DDM 1% zai ci rabin giram. Lita ɗaya ta bafa, wato ruwan da ake zaunar da furotin a cikinsa, a DDM 0.03% za ta ci giram 0.3. Amma lita ɗaya ta bafa mai OG 1% giram 10 ce cur. Mutane suna ganin OG ya fi araha a kan giram, sai su manta cewa ninki talatin za su zuba. Ka kuma san ana sayar da daraja biyu: mai rangwamen tsarki don matakin narkarwa, inda ake zuba da yawa, da mai cikakken tsarki don matakan ƙarshe. Sayen mai tsada don narkarwa ɓarnar kuɗi ne, sayen mai araha don kiristal kuma ɓarnar wata shida.

Garin ditajan mai kan sukari yana shan danshi. A ajiye shi a firiza a digiri 20 ƙasa da sifili cikin mazubi mai hana iska, kuma idan ka ciro shi ka bari ya koma zafin ɗaki kafin ka buɗe murfi. A watan Agusta, idan damina ta kankama, buɗe kwalba mai sanyi na minti ɗaya ya isa ya mayar da garin ya zama kamar alewar da ta narke. Abin da nake yi shi ne in narka giram ɗaya a ruwa mai tsarki har ya cika mililita 10, in sami 10%, in rarraba a ƙananan bututu in daskarar. Kada a girgiza da ƙarfi, kumfa ce kawai za ta tashi. A juya a hankali.

Mataki na biyu: tantani da bafa

Zan wuce batun noman furotin da sauri, domin wani darasi ne daban. Idan a cikin bakteriyar E. coli kake nomawa, nau'in C41 da C43 da Miroux da Walker suka fitar a 1996 sun fi jure furotin na tantani, kuma saukar da zafi zuwa digiri 18 ko 20 bayan an kunna noman yakan taimaka. Idan da hali, ka maƙala GFP, furotin mai ƙyallin kore, a wutsiyar naka. Zai zame maka fitila a duk matakan da ke gaba.

Bayan an fasa ƙwayoyin, a juya su a santirifuj, injin da ke kwantar da abu mai nauyi a gindin bututu, a hankali don tarkace ya kwanta, sannan a juya ruwan saman a 100,000 g, wato ninki 100,000 na ƙarfin jan ƙasa, na awa ɗaya. Abin da ya kwanta, mai santsi kamar man kaɗe, shi ne tantani. A dama shi a bafa mai Tris ko HEPES milimola 20 zuwa 50, gishiri milimola 150 zuwa 300, gilisarol 10%, da maganin hana inzayim masu cin furotin.

Akwai wani tarko a nan da ya fi kama mu fiye da mutanen ƙasashen sanyi. Tris yana sauya pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da zafi, kusan 0.03 a kan kowane digiri. Idan ka daidaita shi a 8.0 da rana tsaka a watan Afrilu, ɗaki yana digiri 32, sannan ka sa shi a firij, zai haura ya wuce 8.7. Ka daidaita pH a zafin da za ka yi aiki, ko ka koma HEPES wanda bai kai shi rawar kai ba.

Mataki na uku: gwajin ɗanɗano

Mai miya ba ta juye gishiri a tukunya sai ta ɗanɗana. Kafin ka zuba rabin giram na DDM a kan tantanin da ka sha wahalar wata guda, ka yi gwaji ƙarami. Ka daidaita tantanin ya zama miligiram 5 zuwa 10 na furotin a kowace mililita. A auna da hanyar BCA, domin ditajan yana rikita hanyar Bradford. Ka raba maikirolita 200 zuwa 500 a bututu shida ko takwas. A zuba DDM 1% a ɗaya, DM 1% a wani, LMNG 1%, LDAO 1%, OG 2% saboda tsayin CMC ɗinsa, da kuma DDM haɗe da CHS. Wannan CHS ɗan'uwan kolestarol ne mai ɗan narkewa, ana haɗa shi kashi ɗaya ga kashi biyar ko goma na DDM, kuma furotin ɗin dabbobi da na ƙwayoyin cuta irin na sammore sau da yawa sukan fi natsuwa da shi. Bututu ɗaya a sa SDS don a ga iyakar abin da ke ciki gaba ɗaya, ɗaya kuma a bar shi babu komai.

A bar su suna juyawa a hankali a digiri 4 na awa ɗaya zuwa biyu. Za ka ga ruwan da yake kamar kunu ya fara washewa. A ɗebi kaɗan a ajiye, a juya sauran a 100,000 g na minti 30 zuwa 60, a kwatanta abin da ke ruwan sama da abin da aka ajiye.

Na san tambayar da ke bakinka: ina za a sami babban santirifuj ɗin? Ba kowane lab ke da shi ba. Ƙaramin na kan tebur mai sanyaya, wanda ke kai wa 20,000 g, idan ka bar shi awa guda zai ba ka hasashe, amma zai bar gutsattsarin tantani a sama, sai ka zaci ditajan ya yi aikin da bai yi ba. Ya isa a tace 'yan takara, bai isa a yanke hukunci ba. Idan ta kama ka ɗauki kula cike da ƙanƙara ka hau mota a Kawo zuwa wurin da injin yake, ka ɗauka. Ka dai naɗe bututun a leda biyu, kada ruwan ƙanƙara ya shiga.

Wurin gudanar da jel, kada ka tafasa samfurin kamar yadda aka koya maka da sauran furotin. Na tantani idan ya ji tafasa dunƙulewa yake, ya maƙale a bakin rijiyar jel, ka yi ta neman layinsa babu. Minti 30 a digiri 37 ya wadatar. Kada kuma ka firgita idan ya bayyana ƙasa da nauyin da ka lissafa; halinsu ne su yi gudu fiye da ƙima.

Mataki na huɗu: fitowa daban, lafiya daban

Nan ne sababbin hannu suka fi faɗawa. Ditajan da ya ciro furotin mafi yawa ba shi ne gwani ba. Masu zafi irin Fos-choline-12 suna iya ciro kusan komai, har da furotin da ya riga ya lalace tun a cikin ƙwayar, su nuna maka layi mai kauri a jel, ka yi ta murna da gawa. Gara wanda ya ciro rabi da rai.

Ana gane lafiya ta kolum mai tace girma, irin Superdex 200, wato bututun da ke raba furotin bisa girmansu, na'ura kuma ta zana fitowarsu kamar tudu. Furotin mai lafiya yana fitowa a tudu ɗaya, siriri, mai daidaiton kafaɗu. Wanda ya dunƙule yana fitowa tun da farko, a gaban kowa. Wanda ya yi tudu mai faɗi kamar bayan raƙumi kuwa gauraye ne. Idan akwai GFP, ba ka buƙatar tsarkake komai tukuna: ka ɗora ruwan saman kai tsaye ka bi ƙyallin kore. Wannan dabara Kawate da Gouaux suka bayyana ta a 2006, kuma ta tsirar da mutane daga asarar watanni.

Sai gwajin juriya. A raba samfurin, a ɗumama kowane kashi na minti 10 a zafi daban, misali digiri 30, 40, 50, 60, a juya, a ga nawa ya rage a sama. Ditajan da ya sa furotin ya jure zafi mafi girma shi ne abokin tafiya. Wanda ba shi da na'urar auna ƙyalli yana iya barin kashi ɗaya a firij, ɗaya a digiri 20, ya sake dubawa bayan kwana uku da bayan mako. Kiristal yakan ɗauki kwanaki ko makonni, don haka furotin da ba ya kwana uku lafiya bai shirya ba. Rinin SYPRO Orange da ake amfani da shi ga sauran furotin ba ya aiki sosai a nan, domin curin ditajan yake kamawa. Rinin CPM ya fi dacewa. Idan kuma furotin ɗinka inzayim ne ko yana kama wani magani da aka sani, auna aikinsa ya fi duk waɗannan ƙarfin hujja.

Mataki na biyar: tsarkakewa da sauya ditajan

Narkarwa ce kaɗai ke buƙatar 1%. Daga nan a sauko zuwa ninki biyu ko uku na CMC a duk bafar da za ta taɓa furotin: DDM 0.02 zuwa 0.03%, DM wajen 0.2%, OG wajen 1%. Na ce duk bafa. Na taɓa ganin aikin mako biyu ya tafi saboda an manta zuba ditajan a kwalba ɗaya tak, ta wankin kolum.

Lokacin da furotin ke maƙale a kolum ɗin nikel, wanda ke riƙe shi ya bar sauran su wuce, shi ne lokacin sauya masa riga. A wanke a hankali da sabon ditajan, ninki 10 zuwa 20 na girman kolum, sannan a sauko da shi, a kuma bi da kolum mai tace girma a cikin sabon ditajan ɗin. Kada ka dogara da dayalisis, wato jiƙa samfurin a sabuwar bafa cikin jaka mai ƙananan ramuka, don fitar da DDM. CMC ɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai, sai ka yi kwanaki bai gama fita ba. LMNG kuwa idan ya kama, ya kama ke nan. Wannan ne ƙarfinsa, domin furotin yakan daɗe a cikinsa, kuma shi ne aibinsa ga mai son komawa gajeriyar wutsiya daga baya. Ka yanke shawara tun farko.

Kada kuma tsafta ta yi yawa. Kowane wanki yana ɗebe kitsen asali da ke manne da furotin, wani lokaci kuma wannan kitse shi ke riƙe da siffarsa. Idan ka ga furotin yana lafiya bayan kolum na farko amma yana lalacewa bayan na uku, to ruwa ba ya tsami banza: ka rage matakai, ko ka mayar masa da ɗan kitse ko CHS.

Mataki na shida: kaurarawa, inda ditajan ke taruwa a ɓoye

Don neman kiristal ana son furotin miligiram 5 zuwa 15 a mililita, don haka dole a tace ruwa ta matacin santirifuj. Matsalar ita ce curin ditajan da babu furotin a cikinsa shi ma yana iya maƙalewa a sama. Yi lissafin da kanka. Kana da mililita 10 a DDM 0.03%. Kusan 0.009% ne ke yawo ɗaiɗai, zai wuce ta matacin. Sauran 0.021% curi ne. Idan matacinka mai kilodalton 30 ne, ka matse zuwa maikirolita 200, wato ninki 50, ka tashi da DDM sama da 1% ba tare da ka sani ba.

Haka ya faru da ɗalibar nan. Ta kawo mini farantin neman kiristal, ta ce, "Malam, duba, duk ɗigon sun yi ƙwallaye kamar mai a kan miya." Na tambaye ta wane mataci ta ɗauka. Ta ce wanda ta samu a durowa. Mai 30 ne. Ga DDM a ɗauki mai 100, ga DM mai 50 yakan yi, matuƙar furotin ɗin da ɗamararsa sun fi ramin girma. A juya minti biyar-biyar, ana gauraya da bakin fifet a tsakani, kada ya taru a gindi. Dabara mafi kyau ita ce a kaurara kafin kolum na ƙarshe, a ɗebi tsakiyar tudun kawai, yadda abin da ya rage a matse bai wuce ninki kaɗan ba.

Ana iya auna ditajan ɗin ba tare da tsadadden inji ba. Masu kan sukari suna ba da launin ruwan lemo idan aka haɗa su da finol da asid ɗin salfa mai ƙarfi, sai a kwatanta da jerin da aka san yawansa. A yi shi da tabarau da safar hannu. Akwai ma ta gwajin ido: ɗigo a kan Parafilm, ledar lab mai gudun ruwa. Mai ditajan kaɗan yana tsayawa kamar ƙwallo, mai yawa yana bajewa.

Mataki na bakwai: kiristal

Hanya ta farko ita ce ta ɗigo mai rataye: maikirolita ɗaya na furotin, ɗaya na ruwan gwaji, a kan gilashi, a kife shi a bakin rijiya mai rabin mililita, a liƙe da man giris. Akwai jerin ruwan gwaji da aka tsara don furotin na tantani, irin MemGold na Molecular Dimensions, kuma za ka ga PEG 400, sinadarin da ke tura furotin ya yi kiristal, ya cika su. Ɗigo mai ditajan yana son bajewa, don haka gilashin ya zama mai rufin silikon. Rabuwar ɗigo gida biyu, kamar mai da ruwa, ba kullum ne mugun labari ba: sau da yawa kiristal yana tsirowa ne a dab da wannan iyaka. Sai a ɗan rage PEG a sake.

Kiristal na farko a DDM yakan yi kyau a ido amma ya ba da hoto dishi-dishi a gaban hasken eksire, saboda kaurin ɗamara. A nan ake saukowa tsani: UDM mai kabon 11, DM, NG, OG, ana duba lafiyar furotin a kowane mataki. Furotin masu siffar ganga na tantanin waje na bakteriya suna da taurin rai, sukan yi kyau a OG, LDAO ko C8E4. Masu ɗaukar kaya da 'yan saƙo sun fi laushi, sun fi zama a DDM da DM. Wata tsohuwar dabara ita ce ƙara 'yan ƙananan ƙwayoyi masu tsuke curi. Da LDAO da heptantirayol Hartmut Michel ya sami kiristal ɗin cibiyar sarrafa haske ta wata bakteriya a 1982, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1988 tare da Johann Deisenhofer da Robert Huber. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hanya ta biyu ita ce mayar da furotin cikin kitse. Landau da Rosenbusch suka fito da ita a 1996. Ana haɗa kashi biyu na ruwan furotin da kashi uku na kitsen monoolin a sirinji biyu da aka haɗa baki da baki, ana turawa gaba da baya har ya zama garai-garai, mai danƙo kamar man goge baki. A cikinsa furotin yana zaune a tantani kamar a gida, yana kuma iya yawo ya sami 'yan'uwansa. Ta wannan hanya aka ga siffar mai karɓar saƙon adirenalin a 2007, cikin jerin ayyukan da suka kai Brian Kobilka ga Nobel a 2012 tare da Robert Lefkowitz. A nan girman curi bai cika damuwa ba, don haka DDM da CHS ko LMNG suna yi. Amma yawan ditajan yana rusa tsarin kitsen. Idan cakuɗin ya ƙi washewa, ya tsaya fari kamar nono, ka koma mataki na shida. Wannan hanya tana son digiri 20, ba firij ba.

Digiri 20 ɗin nan shi ne babban yaƙinmu. Ɗaki a Kaduna a watan Maris yana iya wuce 35 da rana ya sauko da dare, kiristal kuma ba ya son hawa da sauka. Mun taɓa rasa faranti goma sha biyu a ƙarshen mako guda da aka ɗauke wuta, janareta kuma babu mai. Tun daga nan na koma ƙaramin firij mai daidaita zafi a kan inbata da sola, farantan kuma a cikin akwatin soso a ciki, yadda ko wuta ta tafi zafin zai hau a hankali. A nisanta shi da bangon da janareta ke jijjigawa. Da hunturu kuma iska ta bushe ƙayau, ɗigon maikirolita ɗaya yana iya ƙafewa kafin ka kife gilashi. Ka yi rijiya ɗaya-ɗaya, ka ajiye jiƙaƙƙen tawul a gefe, ka rufe taga saboda ƙura.

Idan ka ga abu mai ƙyalli, kada ka yi saurin kiran mai duba aikinka. Gishiri yana yin kiristal, ditajan ma yana yi. Ka kafa ɗigo na bafa zalla, babu furotin, a gefe don kwatance. Kiristal ɗin furotin yana da laushi, allura na taɓa shi yake marmashewa, na gishiri kuwa ƙas yake yi. Idan sun yi yawa, ka tsamo 'yan kaɗan, ka wanke, ka narkar, ka gudanar a jel.

Kaiwa ga haske

Har yau babu sinkurotiron, wato babbar na'urar hasken eksire, a nahiyar Afirka, don haka kiristal sai ya yi tafiya, ko zuwa Diamond kusa da Okusfod a Ingila, ko ESRF a Giranobul ta Faransa. Ana tsamo shi da ɗan zobe, a tsoma a ruwan naitirojin, a aika a tulu na musamman wanda ke riƙe sanyi ba tare da ruwa yana zuba ba. Ruwan da za ka ratsa da shi kafin daskarewa dole ya ƙunshi ditajan daidai da na ɗigon, in ba haka ba zai tsattsage a gaban idonka. Idan PEG 400 ɗin ya kai wajen 30% ko fiye, sau da yawa shi kaɗai ya isa kariya daga ƙanƙara.

Tun da madubin ilaktiron mai sanyi ya bunƙasa, wanda aka ba Dubochet da Frank da Henderson Nobel a kansa a 2017, furotin da yawa ba sa buƙatar kiristal. A can LMNG da GDN ne ke tashe, ko a cire ditajan gaba ɗaya da ƙwayoyin Bio-Beads a mayar da furotin cikin ɗan faifan kitse da ake kira nanodis, kamar yadda aka yi wa PfCRT. Matakai shida na farko duk ɗaya ne. Abin da abokin aiki a waje zai fara tambayarka, ko kiristal za a yi ko madubi, shi ne hoton tudun kolum ɗinka, da sunan ditajan, da yawansa a samfurin ƙarshe. Ka rubuta ukun nan a jikin kowane bututu kafin ya shiga firiza, da alƙalamin da sanyi ba ya gogewa.